Makulli Biyu

Kawuna bai yi karatun boko ba, amma ya iya karanta fuskar mutum. Ranar da na kai masa fom ɗin bashin kayan noma bai tsaya tambayar abin da ke rubuce a ciki ba. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "Kai ka rubuta?" Na ce da hannuna a ciki. Ya ce, "To, kawo tawadar." Ya dangwala babban yatsansa a inda na nuna masa, ya goge a gefen tabarma, ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa. Kafin la'asar magidanta fiye da talatin sun dangwala a ƙauyenmu. Da yawansu ba su ma saurari bayanin malamin gona ba. Sun ji cewa Kawu ya sa hannu, kuma ɗan ƙanwarsa ne ya zo da abin daga birni, wannan ya ishe su.

A hannunsa na tashi. Mahaifina ya rasu ina aji uku a firamare, Kawu ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, bai taɓa bambanta kwanonmu ba. Yana da gonar tudu inda yake shuka gero da dawa da wake, sannan yana da 'yar fadama a bakin rafi, wadda ba ta cika eka ɗaya ba. Gonar tudu ke ciyar da gida, fadama kuwa ita ce aljihunsa. Albasa da tumatir da attaruhun da yake fitarwa a cikinta da rani su suka biya mini kuɗin makaranta har na kai Samaru na karanci aikin gona. Da na gama na samu aiki a wani ofishin gwamnati a babban birnin jiharmu, a sashen tsare-tsare, Kawu ya yanka zakara biyu. Ya riƙa faɗa wa mutane cewa yanzu manoma sun samu nasu a ciki.

A wancan lokacin ina ji da kaina. Na haddace tarihin shirye-shiryen noma na ƙasar nan kamar yadda ɗalibi ke haddace sunayen sarakuna: shirin ciyar da ƙasa na zamanin Obasanjo a 1976, juyin noma na Shagari a 1980, shirin Fadama da aka yi da tallafin Bankin Duniya tun shekarun 1990, da tsarin da aka kawo a 2012 lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, inda saƙo kan shigo wa manomi ta waya ya je ya karɓi taki buhu biyu a kan rabin kuɗi. Ina iya tsayawa a taro in jero abin da kowanne ya yi daidai da inda ya yi tuntuɓe. A raina na ce namu ba zai yi tuntuɓe ba, tunda ɗan manomi ne ke riƙe da biro.

A takarda shirin ba shi da makusa. Za a ba manomi ingantaccen irin masara, da takin kamfa da yuriya, da maganin ciyawa, duk a bashi, ba tare da ya ajiye ko sisi ba. Idan ya girbe sai ya biya, ko da kuɗi ko da masara a farashin kasuwa. A shafin farko mun rubuta cewa manufarmu ita ce ƙara wa manomi samu da rage kwararar matasa zuwa birane. Can a shafi na bakwai akwai wani layi ɗaya da ke cewa a gama biya kafin ƙarshen Nuwamba. Ni na rubuta layin nan. Dalilina kuwa shi ne muna rufe lissafin ofis a Disamba, kuma masu binciken kuɗi ba sa son ganin bashi ya tsallaka shekara. Ban ɗauki minti biyar ina tunani a kansa ba.

Iri ya iso a kan kari, a farkon Yuni. Taki ne ya maƙale. Fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, wanda zai sa hannu ya yi tafiya, da ya dawo aka ce ba a saki kuɗi ba, da aka saki kuɗi ɗan kwangila ya ce farashi ya tashi sai an sake lissafi. Motocin taki ba su shiga ƙauyuka ba sai tsakiyar Agusta. Duk wanda ya taɓa noma masara ya san tana son takin farko cikin mako biyu da tsirowa, na biyu kuma kafin ta wuce mako shida. Ba ta jiran kowa. Lokacin da takinmu ya iso ta riga ta yi rawaya, ta tsaya a ƙugu, ta yi 'yan goyo kamar yatsun hannu. Wasu suka kai takin kasuwa suka karyar, wasu suka zuba wa dawa, wasu suka ajiye don baɗi. Amma a littafinmu an rubuta cewa kowa ya karɓi kaya cikakke, don haka kowa zai biya cikakke.

Asarar Kawu ta zama biyu. Saboda ya yarda da ni, ya cire gero daga mafi yawan gonarsa ya zuba masara. Gero yana haƙuri da ƙasar da ta gaji, kuma shi ke fara nuna, shi ke kashe yunwar ƙarshen damina tun kafin dawa ta yi ido. A shekarar nan babu geron kirki a gidanmu, masarar kuma ba ta cika rabin abin da muka lissafa masa a ofis ba.

Ban san wannan ba a lokacin, ko in ce ban so in sani ba. Abin da na gani shi ne jerin sunaye da ke zuwa tebur ɗina duk mako. A makon farko na Nuwamba na ga sunan Kawu da alamar ja a gabansa, wato ya biya. Shi ne na farko a duk gundumarmu. Har na nuna wa abokin aikina ina murmushi.

Sai da na je gida bayan wata guda. Na tarar da babban ɗan Kawu, taubashina, zaune a zaure yana ɗaure kaya a jakar leda. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya, don haka da ya ce, "Ranka ya daɗe mai biro," na ɗauka wasan ne da muka saba. Na ce masa ina za a da tsummokara. Ya ce, "Legas. Ai kai gwani ne. Shekara ashirin muna cin fadamar Baba da fartanya ba ta ƙare ba, kai da biro ka cinye ta a wuni ɗaya." Yana dariya yake faɗa, amma idonsa ba ya dariya. A nan na ji cewa Kawu ya jinginar da fadamar wa wani ɗan kasuwa a garinmu, ya karɓi kuɗi ya biya bashinmu.

Na shiga cikin gida na same shi yana alwala. Na durƙusa na ce, "Kawu, me ya sa ba ku gaya mini ba?" Ya gama wanke ƙafarsa a natse, sannan ya ce, "An ce za a liƙa sunayen waɗanda ba su biya ba a ƙofar dagaci. Ni sunana ba komai ba ne. Amma a ofis naka za a kira." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, har yau kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Fadamar nan ita ce aikin taubashina duk rani, shi da wasu samari biyu da ke taya shi ban-ruwa a biya su. Su ukun duka sun tafi a makon nan. Shirin da na rubuta don hana matasa ci-rani ya fitar da uku daga gida ɗaya. Da na koma ofis, ni aka ba aikin rubuta rahoton ƙarshen shekara. Na rubuta yawan manoman da suka amfana, da yawan buhunan da aka raba, da yawan waɗanda suka biya. Babu wani gurbi a cikin rahoton da ke tambayar yadda mutum ya yi ya biya. Shafin ƙarshe ya ce shirin ya yi nasara, kuma ta ma'aunin da muka kafa ba ƙarya ya yi ba.

Bayan wata biyu na nemi a mayar da ni ofishin shiyya. Abokan aiki suka ɗauka laifi na yi aka hukunta ni, ban gyara musu ba. Na samu tsohon babur, na fara zaga ƙauyuka. Da farko tambayar da aka koya mini nake yi: me kuke bukata? Amsa ɗaya ce ko'ina, taki. Manomi ya san mai farar riga da takarda taki yake rabawa, don haka taki zai ce. Wani tsohon Sarkin Noma ne ya gaji da ni wata rana bayan isha'i, ya ce, "Yaro, kai kullum abin da za ka ba mu kake tambaya. Ba ka taɓa tambayar yaushe ba." Ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya zana da'ira, ya raba ta huɗu: kaka, hunturu, bazara, damina. Ya ce in kawo fitilar wayata kusa.

Ya ɗora tsakuwa a kan kaka, ya ce a nan hatsi ke shigowa, a nan kuma kowa ke zuwa karɓar nasa. Mai taki, mai maganin feshi, wanda ya ba ka rance da damina, kuɗin makarantar yara, auren da aka ɗage tun bara, rufin ɗakin da ruwa ya ci. Kowa kuɗi yake so, kuma duk garin lokaci ɗaya kuke kai hatsi kasuwa, ga 'yan kasuwa sun zo da motoci da tiyarsu. A ranar da hatsi ya fi araha a shekara, a ranar kake sayarwa. Ya matsar da tsakuwar zuwa bazara, ya ce a nan hatsin ya tafi Dawanau ko ya kwanta a siton mai kuɗi, farashi ya fara hawa, kai kuma kana neman iri. Ya kai ta tsakiyar damina, ya danna ta cikin ƙasa. A nan rumbu ya ƙare. Hatsin da ka sayar da arha shi za ka sayo da tsada, wani lokaci daga hannun mutumin da ka sayar wa. In ba ka da kuɗi, sai ka tafi ƙwadago gonar wani don a ci yau, taka gonar tana can ciyawa na cinye ta, ba ka yi maimai a kan lokaci ba. Ko ka ci bashin da za ka biya da dami idan kaka ta yi. Sai ya mayar da tsakuwar kan kaka, ya ce, "Ka ga ta dawo inda ta tashi. To, kai a ina ka sa ranar biyan bashinka?"

Ban amsa ba. Na san a ina na sa ta.

Daga baya na tarar da cewa wannan da'irar ba sabuwa ba ce ko a littafi. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a 1972 inda ta bayyana yadda talauci ke hana talaka noma gonarsa. Littafin yana ɗakin karatu a lokacin da nake ɗalibi. Mun karanta yawan takin da eka ke ci da tazarar da ake bari tsakanin shuka, amma ban tuna ranar da aka zaunar da mu aka nuna mana yadda kuɗi ke shiga gidan manomi da yadda yake fita ba.

A rani na biyu wani aboki da ke aiki da ƙungiyoyin manoma a Nijar ya ce in zo in ga wani abu. Na bi ta Jibiya na shiga Maraɗi. Abin da ya fara ɗaukar idona bishiyoyi ne a cikin gonaki, gawo da kalgo da sabara, waɗanda manoma suka bari suka tofo daga tsofaffin kututture suna yi musu aski. Sassabin zamani suke kiransa, kuma tun shekarun 1980 ya fara bazuwa a yankin. Amma ba shi aka kira ni in gani ba. An kai ni wani ƙauye, aka tsayar da ni gaban wani ɗakin ajiya na ƙasa mai rufin kwano. A ƙofarsa akwai kwaɗo biyu.

Wata mata mai riƙe da littafin ƙungiyar ta yi mini bayani. Da kaka kowane ɗan ƙungiya yakan kawo abin da zai iya, gero ko wake ko gyaɗa, a auna, a rubuta sunansa a jikin buhu. A rufe ɗakin da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ke ba da rance. Babu mai iya buɗewa shi kaɗai. Asusun ya ba kowa rance gwargwadon wani kaso na darajar abin da ya ajiye. Da kuɗin mutum zai kashe gobarar kaka, ya sayi tunkiya ya yi kiwo, ko mace ta sayi gyaɗa ta riƙa tatsar mai tana ƙuli-ƙuli. Bayan wata biyar ko shida ya biya rancen, a buɗe ɗaki, ya ɗauki buhunsa a lokacin da hatsi ya yi daraja. In ya so ya sayar ya sayi taki da iri, in ya so ya kai gida a ci da damina. Da Faransanci warantaj suke ce masa. Na tambaye ta me ya sa makulli biyu. Ta ce, "Don kada su cuce mu, kada kuma mu cuci kanmu. In makulli na hannunka kai kaɗai, ranar suna za ka buɗe."

Na dawo da zafina, na rubuta takarda mai shafi goma sha biyu. Mai gidana a ofis ya karanta shafi biyu ya ce, "To, me za a ƙaddamar?" Na ce ranka ya daɗe, ɗakin ajiya. Ya ce babu wani babban mutum da zai bar birni ya je ya yanke ƙyalle a ƙofar ɗakin ƙasa mai kwaɗo biyu. Tarakta ake so, da buhuna a jere, da matasa sanye da riguna iri ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, ya san abin da ke fitar da kuɗi daga baitulmali ne kawai. Daga ƙarshe ya bar ni in gwada a ƙauyuka uku da ragowar wani kuɗi da ba a kashe ba, bisa sharaɗin kada in ja masa magana.

Na sa ƙauyenmu a cikin ukun, kuma nan ne aiki ya fi wuya. Mutanen da suka dangwala mini yatsa sau ɗaya ba su ga dalilin sake yi ba. A taron farko a ƙofar dagaci na miƙe na faɗi abin da ya faru a shirin baya ba tare da na laɓe bayan kowa ba. Na ce taki ya makara, wannan ba ni kaɗai ba ne, amma ranar biya ni na rubuta ta. Aka yi tsit. Wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa jin ma'aikaci ya ce shi ne ba. Mutum tara suka yarda su gwada. Kawu na cikinsu, da buhu ɗaya na wake.

Matsala ta farko ƙwari. Wake shi ya fi tashi a farashi, shi kuma ƙwaro ya fi so. Mutane sun saba zuba masa guba, wadda kan bi abinci ta cutar da masu ci. Muka samo buhun nan mai hawa uku da masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, wanda ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne da kansa. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su ƙarar da wadda ta rage su mutu. Ba wanda ya yarda sai da muka ɗaure buhu biyu a gaban jama'a, ɗaya na gargajiya ɗaya mai hawa uku, muka ajiye a zauren dagaci muka buɗe bayan wata huɗu. Gani ya kori ji.

Ta biyu ta fi nauyi. Limamin garin ya kira ni ya ce ya ji za a ba da rance a karɓi ƙari. Na fara kawo masa lissafin tsadar gudanarwa. Ya ce, "Ka kira shi duk sunan da ka ga dama, in kuɗi ya haifi kuɗi don an jira, ba zan ce wa mutane su shiga ba." Na ce Allah gafarta Malam, to yaya za a yi da mai gadi da buhuna da gyaran rufi? Muka yi zama uku, ya gayyato wani malami daga garin gaba. Aka tsaya a kan cewa rance a mayar da shi yadda aka karɓa, babu ƙarin ko kwabo. Ajiya kuwa aiki ce, ana iya biyan ladanta, amma a yanke ta a kan kowane buhu, daidai da abin da ake kashewa, kuma wanda ya ajiye bai ci rance ba shi ma ya biya daidai da wanda ya ci. Wannan ya sa asusun ba ya girma da kansa, sai an riƙa ciko. Amma ranar Juma'ar da liman ya ambaci ɗakin ajiya bayan salla, mutum tara suka zama ashirin da shida.

Ta uku Inna ce ta nuna mini ita, matar Kawu. Ina cin tuwo a tsakar gida ta ce, "Wai wannan abin naku na masu gemu ne kawai?" Na ce na duk manomi ne. Ta ce an gaya mata fom ɗin yana tambayar girman gona. Haka ne, na kwafo gurbin daga tsohon fom ban ko lura ba. Ta ce ita ba ta da gona, amma duk kaka tana sayen gyaɗa da kuɗin adashenta, ita da matan unguwa, kuma rabin awakin garin nan na mata ne. Wace gona ɗakin ajiya yake bukata, in ji ta, ba buhu ake kawowa ba? Na soke gurbin a daren. Mata suka kafa nasu rukunin, suna aiko yara da buhuna, wata malamar Islamiyya tana riƙe musu littafi. A shekarun da na yi ina bin lissafin nan, ba su taɓa wuce ranar biya ba.

Ba kullum aka ci riba ba. Akwai shekarar da farashi ya ƙi tashi, aka buɗe ɗaki a bazara hatsi yana nan kusan yadda aka rufe shi, mutane suka biya ladan ajiya a banza. Wasu suka fita ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. A ɗaya daga ƙauyukan uku shugaban ƙungiya ya haɗa baki da mai riƙe da makulli na biyu, buhuna suka yi ƙafa, abin ya mutu a nan. Tun daga lokacin muka ce duk ranar da za a buɗe ɗaki sai an yi shela, a buɗe a gaban kowa. Na kuma koyi daina yi wa manomi alkawarin riba. Abin da nake faɗa yanzu shi ne, ko farashi bai tashi ba, hatsinka na nan a garinku a watan da yunwa ke shigowa.

Sauran aikin a ofis aka yi shi, kuma ba shi da daɗin labari. Layi uku na so a canza a ƙa'idar duk wani bashin noma da zai fita daga hannunmu. Na ɗaya, ranar biya ta koma bazara. Na biyu, a daina sharɗanta mallakar gona ga wanda sana'arsa sarrafa amfanin gona ce ko kiwo. Na uku, in kayan noma ba su isa hannun manomi kafin ranar da aka yanke ba, bashinsu ya faɗi, asarar ta hau kan wanda ya makara. Shekara biyu ina bin layukan nan daga kwamiti zuwa kwamiti. Na koyi zama a ƙofar ofishin akanta har ya fito salla. Na koyi cewa takarda mai shafi ɗaya ta fi mai shafi goma sha biyu tafiya. Na ɗauki masu binciken kuɗi biyu a mota na kai su ƙauye, Sarkin Noma ya zana musu da'irarsa a ƙasa. An karɓi layi na ɗaya da na biyu. Na uku har yau yana cikin fayil, domin shi ne kaɗai yake ɗora wa ofis hukunci, kuma ba a cika samun mai sa hannu a kan bulalar da za ta dake shi ba. Duk shekara ina sake shigar da shi.

An fanshi fadamar Kawu bayan shekara huɗu. Na kawo kuɗin tun a shekarar farko ya ƙi karɓa, ya ce bai jinginar da ita don in biya ba. Sai da ya tara rabi daga wakensa da ragunan Inna, sannan ya bar ni na cika. Taubashina ya dawo ya yi rani biyu a cikinta. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ya fi ƙarfin abin da albasa ke kawowa a 'yar gona irin tamu, ya sake ɗaure jakarsa. Yanzu da damina yake zuwa, ya yi noma ya koma. Idan muka yi waya yakan ce, "Mai biro, yaushe za ka rubuta mana rana ta riƙa ja mana ruwa?" Yana nufin injin mai aiki da hasken rana, wanda ya gani a lambun wani mai hali. Na ce masa ina kan rubutawa. Ya ce to wannan karon in karanta masa shafi na bakwai kafin ya dangwala.

'Yan ƙungiyar garinmu Kawu suka zaɓa ya riƙe makullinsu. Ya ɗaura shi a igiya yana ratayawa a wuya ƙarƙashin riga, ko masallaci da shi yake zuwa. Na biyun yana ofishin shiyya, kuma bara ni na ce zan kai da kaina ranar buɗewa. An yi shela cewa da hantsi za a buɗe. Babur ɗina ya yi faci a hanya, ban isa ba sai bayan azahar. Na tarar da mutane zaune a inuwar ɗakin, maza a gefe, yaran da mata suka aiko da baro a gefe, Kawu a kan buhun da babu komai a ciki yana jan carbi. Na fara ba da haƙuri. Ya miƙe, ya zaro igiyar daga wuyansa, ya ce, "Wannan karon ma ka makara." Mutane suka yi dariya. Ya sa makullinsa a kwaɗon sama ya murɗa, ya ja da baya ya ba ni wuri. "Amma wake ba masara ba ne," in ji shi. "Buɗe naka."